Intafes: mahaɗa ce, ƙofa ce, ko kafa?

'Yan'uwa masu aikin netwok, ku zo ku raba ni da wata kalma. Ina rubuta wa sabbin ma'aikata ɗan bayani da Hausa kan manhajojin sa ido irin su LibreNMS da Zabbix, sai na cije a wuri ɗaya.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan manhaja ya san jerin nan guda uku da ake yawan dubawa. Na farko jerin na'urori: rauta, suwic, saba, firinta. Na ƙarshe jerin adireshi. Waɗannan biyun ba su da rigima, na'ura tamu ce, adireshi kuma ya daɗe da zama ɗan gida. Na tsakiyar ne ya ƙi, wato "interface", wadda a bakinmu ta koma intafes. Na riga na yi tambaya a kanta, wasunku suka ce mahaɗa, wani ya ce ƙofa, aka kuma kawo fuska.

Kafin mu auna kalmomin nan, bari mu ga abin da idonmu. Ka ɗauki suwic mai ramuka 48 na soka waya. Manhajar za ta tambaye shi ta SNMP, yaren da na'urori ke ba da rahoton kansu da shi tun 1988, shi kuma ya miƙo mata tebur. Kowane layi da lambarsa, da sunansa kamar Gi0/1, da saurinsa, da adireshin MAC, wato lambar shaidarsa a netwok, da halin da yake ciki, da ƙidayar abin da ya shiga da wanda ya fita. Ka ƙirga layukan, sau da yawa za ka ga sun haura 48. Ga Vlan10, layin wani ɓangaren netwok da aka ware ta saiti, ga wani layi da ya ɗaure wayoyi biyu suka zama hanya ɗaya. A kwamfutarka ma akwai wadda ke riƙe da 127.0.0.1, wadda na'ura ke magana da kanta ta cikinta. Ka juya kwamfutar gaba da baya, ba za ka ga raminta ba.

To kalmar da muke nema dole ta ɗauki mai rami da marar rami. Wannan shi ne sharaɗina na farko.

Na biyu: adireshi ba a jikin na'ura yake rataye ba, a jikin intafes yake. Rauta ɗaya tana iya riƙe adireshi goma. Intafes ɗaya ma tana iya ɗaukar na IPv4 mai bit 32 da na IPv6 mai bit 128 a lokaci guda. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta cewa "adireshin rauta" kamar guda ɗaya ne, har ranar da zai ga na'ura ɗaya ta fito sau biyu a jeri saboda an shigar da ita ta adireshi biyu.

Shawarar da ta fi yawa a amsoshinku ita ce mahaɗa. Na gane dalili, kuma da farko ni ma can na karkata. Amma mahaɗa wuri ne da abu biyu suka gamu, ba na wannan ba ne, ba na wancan ba ne. Intafes kuwa tana da mai ita. Idan waya ta haɗa suwic biyu, intafes biyu ne, kowanne da tasa, kowacce da ƙidayarta. In muka ce mahaɗa, yaro zai zaci abu ɗaya ne a tsakiya. Gara mu adana mahaɗa, za mu buƙace ta ranar da muka zo kan taswirar da ke nuna wace na'ura ke manne da wace.

Malamin da ya kawo ƙofa, Allah ya ƙara sani, ta fi kusa. Tana da mai gida, ana buɗe ta, ana rufe ta. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne akwai mai jiran ta: rautar da duk saƙon da zai bar netwok ke bi ta kanta. Wannan ita ce ƙofar fita, ba ta da wani suna da ya fi wannan dacewa. In kowane layi a tebur ya zama ƙofa, mun rasa sunan babbar.

Fuska kuma ku bar ta ga abin da mutum ke gani a allo yana latsawa. Turanci ne ya cusa ma'ana biyu a kalma ɗaya, ba dole mu gaji wannan cunkoson ba. (Wanda kuma ya turo min hoton fassarar inji da ta mayar da fot, wato "port" ta na'ura, ta koma "tashar jiragen ruwa", na gode, na yi dariya har da hawaye.)

Ni dai na tsaya a kan kafa. Ba ƙafar tafiya ba, kafa mai jam'i kafofi, irin ta "ya samu kafa" da "an toshe duk wata kafa". Kafa hanya ce da abu ke bi ya shiga ko ya fita, kuma Bahaushe bai taɓa sharɗanta sai an gan ta da ido ba. Kafofin sada zumunta wa ya taɓa ganin raminsu?

Inda ta fi burge ni shi ne wajen fi'ilan da ke bin ta. Teburin nan yana da hali biyu ga kowane layi: abin da mai kula ya umarta, da abin da ke faruwa a zahiri. A Turanci duka biyun da kalma ɗaya, "down", ake faɗar sun faɗi, sai ka duba ginshiƙi kafin ka san wanne ake nufi. Mu kuwa sai mu ce an rufe kafa, in da gangan ne, ko kafa ta ɗauke, in a buɗe take amma babu komai. Na taɓa kwana rabin dare a wani wurin aiki ina bin jan layi a allo, ashe wani ne ya zare waya ya tafi da kwamfutarsa bai rufe kafar ba. Da an rufe ta, da manhajar ba ta tashe ni ba.

Gwada ta a baki: kafa ta 12 ta cika. Kafar nan ba ta da adireshi. Bayan an sake kunna rautar lambobin kafofi sun canja, shi ya sa zanen ƙidayar wannan ya koma ƙarƙashin sunan waccan. Wannan na ƙarshen yana faruwa da gaske a wasu na'urori, in ba a saita su su riƙe lambobin ba.

Ƙorafin da na yarda da shi shi ne na masu rubutu ba ƙugiya, cewa kafa da ƙafa za su zama ɗaya. Gaskiya ne. Amma jam'insu ya bambanta, kuma ban ga wanda zai karanta "kafa ta 12 ta ɗauke" ya duba takalminsa ba.

Ramin da ake soka waya kuma, wanda hannu ke taɓawa, na kira shi baki. Suwic mai baki 48, kafofi 52. Lambobi irin 161 na SNMP da 443 na shafukan intanet na bar su a lambar fot tukuna, don ba baki ba ne, ba kafa ba ne.

Abin da na sa a takardar ke nan: jerin na'urori, jerin kafofi, jerin adireshi. Wanda ya fi son rajista a kan jeri, ban ƙi ba, sai dai ni rajista tana min kama da abin da mutum ya rubuta da hannunsa, wannan kuwa manhaja ce ta zagaya ta tattaro.