Tambaya kan Baldur's Gate: in sauya aji a mataki na 7 ko in haɗa biyun tun farko?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu buga wasan kwamfuta na Baldur's Gate. Na maƙale a wuri ɗaya, ina neman shawararku.

Jarumina ɗan Adam ne, mayaƙi a mataki na 7, ƙarfinsa 18, kaifin basirarsa 17. Ke nan ya cika sharaɗin sauyawa zuwa matsafi, tunda ana buƙatar 15 a ƙarfi don ajin farko (mayaƙi), 17 a basira don na biyu (matsafi). Abin da ke tsorata ni shi ne, da zarar na sauya, duk ƙwarewarsa ta yaƙi za ta kwanta sai matsafin ya kai mataki na 8. Mayaƙin ya ci makin gogewa (wanda ake hawa mataki da shi) 64,000, matsafin yana son 90,000, iyakar wasan kuwa 161,000 ce. Lissafin ya shiga, amma da ƙyar, kusan ƙarshen labari ke nan.

Wasu na cewa in jira mataki na 9 ko 13 a kashi na biyu na wasan. Na 13 kam ya yi min nisa, gaskiya.

Ɗaya hanyar ita ce in sake daga farko da elf (wani jinsi a wasan, ba ɗan Adam ba) mai haɗa yaƙi da tsafi. Makinsa rabuwa yake gida biyu har abada, kuma ɗigo biyu kacal na ƙwarewa yake samu a makami, amma ba ranar da zai zama kaya ga tawaga.

Wanda ya taɓa sauyawa a 7, yaya ka ƙetare lokacin raunin nan? Kuma a Throne of Bhaal, ƙarin da ya rufe labarin kashi na biyu, wanne ya fi amfani?