Neman taimako kafin ƙarfe 4: me za mu kira hoton da aka yi wa "doctored"?

Hadiza: Assalamu alaikum malamaina. Ina da shiri a rediyo yau da la'asar kan hotunan tarkacen jiragen yaƙi da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp. Takardar da nake fassarawa ta maimaita "doctored" sau bakwai, kalmar Turanci da ke nufin hoton da aka yi wa sauye-sauye don yaudara. Misalin da zan fara da shi na gida ne: jirgin Alpha Jet na sojin saman Najeriya da ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris 2021, Boko Haram suka fitar da bidiyo suna cewa su suka harbo shi, rundunar sojin sama ta ce haɗa shi aka yi. Na rubuta "na bogi" amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Sani Fagge: Wa alaikumus salam. "Hoton da likita ya duba" mana, Hajiya. Wasa nake. Ki ce na jabu ki huta.

Hadiza: Jabu bai ɗauke shi ba, Yaya Sani. Ai jirgin ya faɗi da gaske, a 2022 ma sojoji suka ce sun gano tarkacensa a dajin Sambisa. Gaskiya ce aka cakuɗa da ƙarya.

Malam Ilyasu: To ai kin faɗi kalmar da bakinki, 'yata. Algus. Mai nono ta ƙara ruwa, mai hatsi ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu, duk algus ne. Kayan na gaske ne, an sa masa abin da ba nasa ba. Hoton algus. Babu tsohuwar da za ta ji a rediyo ta tambaya me ake nufi.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, wannan ta zauna. Amma akwai wani iri da algus bai kama ba. A rikicin Indiya da Pakistan na watan Mayun 2025 an yi ta yaɗa hoton wani jirgi yana ci da wuta, ana cewa jirgin yaƙin Indiya samfurin Rafale ne aka kakkaɓo. Masu bin diddigi suka gano MiG-29 ne da ya faɗi a Barmer, jihar Rajastan ta Indiya, tun Satumban 2024. Ba wanda ya taɓa hoton, ko ɗigo ba a canza ba. Labarin ne kawai aka ɗaura masa. Ni "hoton aro" nake cewa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Dokta Bature: Ku yi haƙuri, dukkanku kun bar hanya. Algus Larabci ne, bogi Turanci ne, jabu kuma daga sunan Ijebu ta fito, zamanin kuɗin ƙarfe na ƙarya. Yaushe za mu daina bara a ƙofar wasu harsuna? Tun shekaru uku da suka wuce na ba da shawarar "kitsau", daga kitsa. Kitsau, jam'i kitsaye. Gajeriya ce, Bahaushiya ce tsantsa, ta haɗa duk nau'ukan.

Sani Fagge: Dokta, kitsau kuma? Mai sauraro zai zaci shirin gyaran gashi ne.

Dokta Bature: Irin wannan raini ne ya hana harshen ci gaba. Ana cewa "ya kitsa ƙarya" ko ba a cewa?

Malam Ilyasu: Ana cewa, Dokta, ba mai musu. Amma shi "hoto" da za ka jingina masa kitsau ɗin, a wace gona ya tsiro? Da "soja"? Da "rediyo"? Idan za mu kori baƙi, sai mu fara da sallah da littafi da alƙalami, mu ga abin da zai rage mana mu yi gardamar da shi.

Dokta Bature: Wanda ya shigo ya shigo. Maganata kan sababbi ce. Matsalar ita ce 'yan jarida ke yanke hukunci cikin gaggawa, mu da muka karanci ƙirar kalma ba a tuntuɓarmu sai an gama ɓarna.

Ɗan Maraɗi: Mu nan ma ba a tuntuɓarmu, ranka ya daɗe. Kano ta yanke, mu ji a rediyo. Kun taɓa tambayar yadda ake faɗi a Damagaram?

Sani Fagge: To yaya ake faɗi?

Ɗan Maraɗi: Hoton ƙarya. Shi ke nan.

Hadiza: Don Allah malamai, ƙarfe biyu da rabi ta yi. Ga na uku ma: "Fatalwar Kiyef" ta Fabrairun 2022, matuƙin MiG-29 ɗan Yukren da aka ce shi kaɗai ya harbo jiragen Rasha da yawa. Bidiyon da ya fi yawo daga wasan kwamfuta na DCS World aka ciro shi, daga baya sojin saman Yukren da kansu suka ce almara ce. Wannan ba algus ba ne, ba aro ba ne.

Malam Ilyasu: Wannan kam jabu ne daga tushe, kamar kuɗin da ba banki ya buga ba. Sani ya ci nasa a nan.

Dokta Bature: Kun gani? Kalma uku don abu ɗaya. Kitsau da ta wadatar.

Ɗan Maraɗi: Ba abu ɗaya ba ne, Dokta, shi ya sa. Mai bin diddigi ma hanyarsa daban ce: na aro, ka saka shi a manhajar neman hoto ka ga ranar da ya fara fitowa. Na algus sai ka duba inuwa, da hayaƙi, da lambar da ke jikin wutsiyar jirgin.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Zan yi amfani da "hoton algus" a wurin "doctored", in kawo "hoton aro" a misalin Indiya tare da ɗan bayani. Jabu na wasan kwamfuta. Dokta, zan ce "labarin da aka kitsa" a gabatarwa.

Dokta Bature: Fi'ili ne wannan, ba sunan da na gina ba. Amma je ki yi shirinki. Ni dai a ajina kitsau zan ci gaba da koyarwa.

Sani Fagge: Hajiya, wace tasha ce, mu kama?