Yaya tsayar da maganaɗisu ya ƙara wa faifan ajiya ɗaukar kaya?

Mai Koyon Gyara:
Assalamu alaikum. Na kwance wani tsohon faifan ajiya na kwamfuta (hard disk) mai gigabait 80 da ya daina aiki, na ajiye shi kusa da wani mai terabait 2, wato gigabait 2,000, sai na ga farantan da ke cikinsu faɗinsu ɗaya ne. An ce mini sirrin shi ne a da ana kwantar da ɗigon maganaɗisun a kan farantin, yanzu kuwa a tsaye ake rubuta su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in dai tsayuwa ce kawai, me ya hana a yi haka tun farko? Ina roƙon masana su warware mini.

Injiniya Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bayanin da aka saba yi, cewa abu a tsaye bai kai na kwance cin wuri ba, rabin labarin ne kawai. Fuskar farantin an shafe ta da ƙananan ƙwayoyi na haɗin kobalt, kuma kowane ɗigo, wato bit, mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, tarin irin waɗannan ƙwayoyi ne da aka juya maganaɗisunsu ya fuskanci gefe guda. Idan ana son ƙarin wuri, dole a ƙanƙanta ƙwayoyin, to amma idan suka ƙanƙance fiye da kima, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya birkita alkiblarsu, bayanan su goge ba tare da kowa ya taɓa su ba. A tsohon tsarin, ɗigo biyu masu saɓanin alkibla suna haɗa kai ne da kai, suna ture juna kamar yadda maganaɗisu biyu ke yi idan ka kara bakinsu iri ɗaya, kuma turin yana tsananta gwargwadon matsuwarsu. A tsaye kuwa, maƙwabta masu saɓanin alkibla suna riƙe juna ne.

Babbar dabarar tana ƙarƙashi. Ana shimfiɗa wani sashe mai saurin karɓar maganaɗisu a ƙasan wanda ke riƙe bayanai, ta yadda ƙarfin da ke fitowa daga kan rubutu, wato 'yar na'urar da ke rubuta bayanai a farantin, zai ratsa kai tsaye zuwa ƙasa, ya zagaya ya koma ta wani baki mai faɗi. Wannan ya ƙara wa rubutu ƙarfi, har aka iya amfani da ƙwayoyi masu taurin kai waɗanda zafi ba ya juya su cikin sauƙi.

Game da jinkirin, tunanin ba sabo ba ne. Farfesa Shun-ichi Iwasaki na Jami'ar Tohoku da ke Japan ya nuna amfaninsa tun a ƙarshen shekarun 1970, amma muddin tsohon tsarin yana ci gaba da bayar da ƙari, babu kamfanin da ya ga dalilin sake fasalin faranti da kan rubutu gaba ɗaya. Sai a 2005 Toshiba ta fitar da na farko a kasuwa, ɗan ƙarami mai inci 1.8.

Hajiya Mai Rumbu:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so a lura cewa ba tsayuwar kaɗai ta kawo duk ƙarin ba. Faifan Hitachi na 2007, wanda ya fara kai terabait 1, faranti biyar aka cusa masa. A 2013 kuma kamfanin HGST ya fito da mai terabait 6 wanda aka cika da iskar hiliyom, saboda ta fi iskar da muke shaƙa sauƙi, abin da ya ba da damar jera faranti bakwai.

Akwai kuma dabarar ɗora layukan rubutu bisa gefen juna kamar jerin kwanon rufi. Na taɓa sayen irinsa ban sani ba, kwafin farko ya tafi lafiya, amma da faifan ya kusa cika sai gudun ya faɗi warwas, domin gyara layi guda yana tilasta sake rubuta na kusa da shi. Don adana kayan da ba a yawan taɓawa yana da kyau. Don aikin yau da kullum ba na ba da shawararsa.

Injiniya Mai Ritaya:
Gaskiyarki, Hajiya. Tsayuwar ma ta ci karo da nata bangon a wajen terabit 1, wato bit tiriliyan ɗaya, a kowane murabba'in inci. Shi ya sa Seagate, mai ƙera faifan ajiya, ta koma ga haɗin ƙarfe da filatinam, wanda ba ya karɓar rubutu sai leza ta ɗumama ɗigon fiye da digiri 400 a ma'aunin Celsius na ɗan ƙiftawa, kuma da haka ta kai terabait 30. Ɗigon dai har yanzu a tsaye suke.