8421 ko 2421: wanne zan ɗauka a aikin kammala karatu?

Ɗalibin Lantarki: Salamu alaikum. Ina haɗa na'urar ɗebe lissafi mai lamba biyu, ba a yarda da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri) ba, sai IC zalla, wato ƙananan ƙwayoyin da'irar lantarki. Cikin tsarin nan biyu na rubuta lamba 0 zuwa 9 da gurabe huɗu na 0 da 1, malaminmu ya ce 2421 ya fi sauƙin ɗebewa, ni kuma 8421 na saba da shi. Wanda ya taɓa haɗawa ya ba ni shawara don Allah.

Mai Kodin: Sa Arduino kawai ka huta.

Ɗalibin Lantarki: Yaya, ai na ce an hana.

Injiniya: Malaminka na da hujja. A 2421 nauyin gurabe huɗun (2+4+2+1) ya tashi 9, don haka in ka juya kowane 0 zuwa 1, kowane 1 zuwa 0, cikon tara ya fito, wato abin da za a ƙara wa lamba ta kai 9, wanda da shi ake yin ɗebewa. 2 shi ne 0010, juya shi ka sami 1101, wato 7. Howard Aiken ne ya fito da tsarin.

Tsohuwar Ɗaliba: Ƙanena, kar ka soma! Abokin aikina ya nace sai 2421, ya jona shi kai tsaye da 7447, IC mai karanta 8421 ta nuna lamba a allo. Daga 0 zuwa 4 lafiya lau, tunda tsarin biyu iri ɗaya ne a nan. Ranar kare aiki aka danna 5, sai wani karkataccen zane ya fito, don 7447 ta karanta 1011 a matsayin 11. Aka danna 9, allon ya yi duhu ɗif, 1111 ke nan. Ya sunkuyar da kai, ni aka yi wa tambayoyin, ni aka rage wa maki. Har yau abin na ci mini rai.

Mai Kodin: Kenan taran ce ta ji kunya ta ɓuya 😂

Mai Gyara: Tsaya kan 8421. IC ɗaya, 4561, ta ba ka cikon tara.

Injiniya: Ba sai ita ba, get uku (ƙananan da'irori masu sarrafa 0 da 1) sun isa: NOT, XOR da NOR. Kuma mai gyaran rediyo daban, mai tsara da'ira daban.

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, get ukun nan ba a IC guda suke ba. A takarda ka ƙirga, ni da dalma nake ƙirgawa.

Tsohuwar Ɗaliba: Ko wacce za ka saya, gwada ta tukun. An taɓa sayar mana da 7490, IC mai ƙirga 0 zuwa 9, da aka kankare bayanta aka sake buga lamba, tana kaiwa 7 ta koma sifili.

Mai Gyara: Jabun nan sun yi yawa, Hajiya. Shafa yatsa a bayanta, in rubutun ya goge ki mayar musu.

Ɗalibin Lantarki: To ita 4561 ɗin, za ta yi aiki tare da 7447?