Kuɗin gwamnati a harkar fim: tallafi ne ko rabon ganima?

Baban Khalifa: Jama'a, ni dai ra'ayina ɗaya ne. Ko sisin kwabo na gwamnati bai kamata ya shiga harkar fim da waƙa ba. Asibiti babu magani, yara suna karatu a ƙasa, sannan a ce masu rawa za a tallafa wa?

Mai Kyamara: Ranka ya daɗe, masu rawa ka ce? Ka leƙo Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ka ga mutum nawa ke cin abinci a fim ɗaya: mai haske, mai sauti, tela, direba, har mai dafa abincin lokeshan. A 2016 gwamnatin Buhari ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca, aka soke. To, kun ga kuɗin sun koma asibiti?

Baban Khalifa: Gwamnati za ka tambaya, ba ni ba.

Maman Ummi: Ai a nan gizo ke saƙar. Ƙanena Mai Kyamara, kai ma kada ka tsallake naku. A 2013 Jonathan ya ware biliyan 3 ta shirin tallafa wa masu shirya fim, Project ACT Nollywood. Lissafa mana fina-finan Hausa da aka yi da kuɗin, da wanda ya karɓa, da nawa ya karɓa.

Mai Kyamara: Yaya, ni ban samu ba, don haka...

Maman Ummi: Ban ce ka samu ba. Cewa na yi kuɗin jama'a ne, amma kai da ke cikin sana'ar ba ka da lissafin a hannu.

Manomin Kura: Ku bar ɗora wa 'yan fim kaɗai. Mu manoma fa? Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, Babban Banki ya raba fiye da tiriliyan 1. Da aka zo batun biya, hukumar lamuni ta duniya, IMF, ta ce kashi 24 cikin 100 aka dawo da su, bankin ya ce a'a, sun haura rabi. Bashi ne, amma wasu sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Ban ji wanda ya ce a daina tallafa wa noma ba.

Baban Khalifa: Shinkafa ana ci, Malam. Fim fa?

Manomin Kura: Man fetur ma ana sha, amma ka manta binciken tallafin mai da majalisar wakilai ta yi a 2012? Shi kansa Farouk Lawan da ya shugabanci kwamitin, gidan yari ya ƙare saboda cin hanci.

Mai Kyamara: Ni ko kyauta ba na nema. A ba mu rance, a gina sinima, a kama masu satar fasaha. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, namu ne, ya san ciwon.

Maman Ummi: Namu ne, shi ya sa za mu fi matsa masa. Duk abin da hukumar ta raba, a wallafa sunaye da adadi da ranar biya, kowa ya gani a wayarsa.

Baban Khalifa: In an wallafa, ku turo nan zan karanta. Amma fa har yanzu asibiti nake so a fara da shi.