Neman kalma: me za mu kira "record" a shirin wasanni?

Mai Sharhi: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ina da shiri a rediyo kan yadda ake zaƙulo tsofaffin alƙaluman ƙwallo nan take. A 2015 Sadio Mane ya ci wa Southampton uku rigis a ragar Aston Villa cikin minti 2 da daƙiƙa 56, nan da nan aka ce ya shafe na Robbie Fowler na 1994, minti 4 da daƙiƙa 33. Kamfanin Opta ke da ma'aikata masu rubuta kowane bugu da lokacinsa da inda aka yi shi a fili, sai kwamfuta ta tace. To shi wannan abin da aka shafe, me sunansa? "Kafa tarihi" ya yi mini faɗi. Ina son suna wanda ake riƙewa, ake ƙwacewa.

Ɗan Fagge: Bajinta. Ai kundin bajinta ake ce wa na Guinness.

Maman Hanifa: Bajinta ta zauna a kan Just Fontaine, ƙwallo 13 a gasar cin kofin duniya ta 1958. Amma Derby County da ta gama kakar 2007/08 da maki 11 kacal, mafi ƙaranci a gasar Firimiyar Ingila, fa? Ita ma tana riƙe da nata, kuma babu mai kiransa bajinta.

Malam Tsoho: Ku ce ƙurau, daga ƙure. Wanda ya kai inda ba a wucewa ya ƙure, ko a sama ko a ƙasa. Ƙurau ɗaya, ƙuraye da yawa. Ta ɗauki Fontaine, ta ɗauki Derby.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, a rediyo kuraye za a ji.

Malam Tsoho: Laifin bakin da bai iya ƙa ba ne, ba na kalmar ba. Kuma ku daina cewa alƙaluma, aron Larabci ce. Ƙididdiga ce tamu.

Na Damagaram: Malam, tarihi ma ai daga Larabci ta zo, kuma ba wanda ya kore ta. Mu nan Faransanci ke cusa mana tasa, amma a gidan kallo "ya yi zarra" nake ji.

Malam Tsoho: Ku 'yan gidan kallo kun mai da harshe kasuwar bayan gari. Kowa ya kawo nasa ya baza.

Maman Hanifa: Baba, a yi haƙuri, su ne masu sauraron shirin. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Na Mane ana samunsa kafin a kurɓi shayi, amma ƙwallo 18 da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/10, wa zai kawo maka minti da ragar kowace? Muna faɗa kan suna, rumbun namu babu hatsi.

Na Damagaram: Zarra tana da fi'ili a shirye: ya yi zarra, an karɓe zarrarsa.

Malam Tsoho: "Zarrar Derby"? Haba!

Mai Sharhi: Lokaci ya ƙure mini. Zan ce bajinta ga na yabo, mummunan tarihi ga irin na Derby, ƙididdiga ga lissafin gaba ɗaya, wurin ajiyar kuma rumbun bayanai. Maganar Pillars za ta shiga shirin, Maman Hanifa, na gode.

Malam Tsoho: Kalma biyu a aikin kalma ɗaya. Na karɓi ƙididdiga, sauran kuwa ban sa hannu ba. Ka gwada ƙurau ko sau ɗaya ka ji abin da masu bugo waya za su ce.