Ƙawata za ta zo daga Yamai, wuni ɗaya gare mu: Kasuwar Dole ran Alhamis ko Mirriya ran Lahadi?

Ƴar Zongo:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, shawara nake nema. Ƙawata ce tun ta lakwal za ta zo daga Yamai bikin ƙanen mijinta. Ran Laraba za ta sauka, Litinin da asuba ta juya. Shekara tara rabona da ita, kuma ba ta taɓa taka Damagaram ba. Juma'a da Asabar duk na biki ne. Dangin mijin sun ce wuni ɗaya za su bar mini ita, in zaɓa tsakanin Alhamis da Lahadi. In Alhamis ce, mu shiga Kasuwar Dole da safe, da la'asar mu yi Birni ta ga fada. In Lahadi ce, mu tafi Mirriya tunda ranar kasuwarta ce. Tana son jakar fata da takalmi, da alkaki da kilishi na tsaraba, jika 30 (sefa dubu talatin) ta ce ta ware. Tana da juna biyu wata shida, ba ta hawan kabu-kabu, ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa. Wace rana ta fi? Kuma shatar adaidaita zan ɗauka wuni guda, ko mu riƙa hawa muna sauka? Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mini nawa ya biya.

Mai Kabu-kabu:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ku samu kabu-kabu biyu kawai. Lungunan Birni ba ko'ina adaidaita ke shiga ba, ran Alhamis kuwa bakin Dole sai mai ƙafa biyu.

Ɗan Birni:
Ni dai da za ki ji ta tawa, ran Juma'a za ki kawo ta. Ku tsaya ƙofar fada lokacin da Mai Martaba zai fita masallaci, ta ga dogarai da jajayen rigunansu, ta ji kakaki da algaita. Wanda bai ga wannan ba bai ga Damagaram ba.

Ƴar Zongo:
Na gode, amma na ce Juma'a ranar biki ce, kuma mai ciki ce, ba ta hawan moto.

Maman Biyu:
Alhamis za ki ɗauka ƙanwata. Duk abin da kika lissafa babu na Mirriya a ciki. Can tukwane ne da randuna da tuluna da kayan lambu, wa zai ɗauki randa a kar har Yamai, kilomita wajen 900? Kafin Maradi ta zama katanga. Ku shiga Dole ƙarfe takwas kafin rana ta buɗe, ku fito kafin sha ɗaya, ta kwanta ta huta, sai bayan la'asar ku fita Birni. Alkaki kuma kada ki bari sai ranar. Ki ba mai yi na gida aiki tun Talata, don alkamar sai ta kwana ta tashi kafin a soya a tsoma cikin sukari. Na tire da ya sha rana a kasuwa bai kai Yamai da daɗinsa. Kilishi ki bar shi sai Lahadi da marece, a naɗe a takarda, ba leda ba.

Inna ta Garin Malam:
Ƴata, ban zo in rage miki murna ba, amma abin da ya same ni ba na so ya samu ko maƙiyina. Shekaran bara ƙawata ta zo, wadda muka tashi gida ɗaya, tabarma ɗaya. A satin na kwashi adashe jika 50, keken ɗinki nake tarawa. Na ce baƙonka annabinka, na ɗauko shata muka shiga gari. Tun rumfar farko ta ce, "Kai, na baro kuɗin cikin akwati, biya mini, in mun koma gida in ba ki." Na biya turmi biyu. Na biya turaren wuta, na biya lalle, na biya tasoshi. Ko a jikina, don ban kawo komai a rai ba. Da muka je wurin baduku ta ga jaka, ta ce ba ta son na rataye, sai an ɗinka mata biyu, jar fatar akuya da koren zane a baki. Aka yi ciniki jika 24, ta zaro jika 4 ta ba da kafin alƙalami, ta nuna ni ta ce, "Ga ƴar'uwata nan, ita za ta karɓa." Da dare na ji nauyin tambaya. Da asuba na raka ta tasha, ta rungume ni har da hawaye, ta ce tana sauka za ta aiko.

Baduku ya gama aiki ya zo gidana sau uku. Zuwa na uku ya tarar da maigida zaune a ƙofar gida da baƙinsa ana shan shayi, ya tsaya da jakunkunan a hannu ya faɗi abin da ya kawo shi a gabansu. Ina bayan ƙyaure ina ji, na rasa inda zan sa kaina. Ba laifinsa ba ne, haƙƙinsa yake nema. Akuyata mai ciki na sa aka kai kasuwa ran Alhamis na biya shi, na kuma biya kuɗin aika kayan. Da suka isa, abin da ta fara ce mini shi ne jan bai yi irin wanda ta ce ba. Yau shekara biyu ko dala ban gani ba. Na bar kira. Amma ran sallah na buɗe WhatsApp na gan ta a hoto ta rataya jakar a kafaɗa tana dariya, koren zanen nan da na sani yana ƙyalli. Wallahi na ajiye salular na shiga ɗaki na yi kuka. Keken ɗinki har yanzu ban saya ba.

Maman Biyu:
Innalillahi. Inna Allah Ya mayar miki da alheri. Ki samu babba a danginta ki faɗa masa, bashi ba ya ruɓa.

Inna ta Garin Malam:
Na faɗa wa yayarta, ta ce in yi haƙuri zumunci ya fi kuɗi. To wane zumuncin ya rage?

Ɗan Tasha:
Irin wannan muna gani kullum. Mutum ya kawo saƙo ya biya da kuɗinsa, mai karɓa ko kira bai yi ya ce ya iso. Ni ƙanen babana ma ya yi mini da buhun wake.

Ƴar Zongo:
Inna sannu, Allah Ya saka miki. Tawa dai ta riga ta turo mini jika 20 in riƙe. To maganar shatar fa?

Mai Adaidaita:
Daga safe zuwa magariba cikin gari jika 10, esansi nawa. Mirriya jika 15, da jira.

Ƴar Tudun Jamus:
Jika 10 na me? Watan da ya wuce na ɗauka da surukata, dala dubu na ba shi har yana godiya. Jaka kuma mai kyau jika 7 na saya.

Alhaji na Kano:
Dubu ɗaya wuni guda? Ai ko man zuwa bai isa ba. Ku ji tsoron Allah ku daina danne talaka.

Ƴar Tudun Jamus:
Alhaji dala dubu na ce, ba naira ba. Jika 5 ke nan. Dala ɗari biyu ce jika, ko Kano ta mantar da kai lissafin gida?

Baduku ɗan gado:
Jakar jika 7 ki shafa cikinta ki shinshina. In ta kwana a ɗaki ta cika shi da wari, jimar ba ta nuna ba. In kika murza da ɗanyen yatsa jan ya bi hannunki, ranar da ta yi gumi zai bi mayafinta. Mai kyau daga jika 12 zuwa sama. Ku duba ɗinkin ciki da wurin da maratayi ya kama jiki, nan ake ha'inci. Kuma ta sayi wadda ta gani da idonta ta tafi da ita, kada a ba da aiki. Labarin Inna mu ma yana cin mu, akwai jakunkuna huɗu rataye a rumfata masu su sun ba da rabi sun ɓace.

Alhaji na Kano:
Ni dai in da ni ne, sai ta bari in ta zo Kano ta sayi fata a Kurmi, ya fi araha.

Ɗan Birni:
Alhaji shekara nawa rabonka da Dole? Wanda ke zuwa sallah sallah ba shi zai koya mana garinmu ba.

Alhaji na Kano:
Yaro, ina cin kasuwar nan tun ba a haife ka ba. Cibiyata a Birni aka binne ta.

Maman Biyu:
Ku duka biyu ku yi haƙuri, maganar ciniki ba ta maza ba ce. Namiji in an ce masa jika 15 sai ya ce a rage masa ɗaya ya biya. Kuma ƴar Zongo, ki gaya wa ƙawarki ta yi shiru a bakin rumfa. Da sun ji harshen Yamai kuɗi ya hau. Ta nuna miki da ido, ke ki taya.

Bafillacen Daji:
Ki kai ta kasuwar dabbobi ran Alhamis ta gaida iyayengijin Barebari, mu ne nan riƙe da sanda. 😂

Ɗan Birni:
Jauro ka fara daina surka mana nono da ruwa tukuna.

Bafillacen Daji:
A garinku ina na ga ruwan da zan surka? Nonon ya fi shi araha.

Mushe mai ritaya:
Ƴata, in kun je Birni kada ku tsaya ɗaukar hoto kawai. Ku yi sallama ga dogarai, a ba su na goro, su za su zaga da ku inda aka yarda. Adaidaita ta kai ku har filin fada, ba sai ta wahala ba. Ki nuna mata zanen da ke fuskar tsofaffin gidaje da manyan duwatsun da gari ya zauna a kansu. Ki gaya mata Sarki Tanimu ne ya ɗaukaka garin nan, ya kewaye shi da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a zamaninsa. A nan aka kashe Kyaftin Kazamaju a 1898, Faransawa suka dawo da yaƙi a 1899. Kuma ta sani, kafin Yamai tasu mu ne babban birni, daga 1911 har 1926 da aka ɗauke. Barikin da ke kan dutse na soja ne, kada ku ɗaga masa salula. Cikin dalilan da ake faɗa na ɗauke babban birnin har da ƙarancin ruwa.

Ƴar Tudun Jamus:
To Mushe shekara ɗari ke nan muna abu ɗaya. Yau kwana tara famfonmu ko tari bai yi ba. Jiya bido ɗaya dala 60 na saya, shi ma sai da na bi mai kura har bakin gudro ina roƙo.

Ɗan Kara-Kara:
Dala 60 ai kin samu sauƙi. Mu dala 100, kuma ruwan sai ya kwana ya kwanta kafin a sha.

Maman Biyu:
Mu ƙarfe uku na dare yake zuwa, siriri kamar zare. Na shimfiɗa tabarma kusa da famfo, da na ji ya fara huci in tashi yara a jera bido. Yarinyata barci take a aji.

Inna ta Garin Malam:
Ita ma waccan da ta zo, wanka uku take a rana. Bido goma sha biyu na saya a kwana huɗu, ban ma sa shi cikin lissafin ba.

Ƴar Zongo:
Ƴan'uwa har yanzu ban ji matsaya kan shatar ba, jika 5 ne ko 10? Gobe Talata, ina so in tsayar da mai adaidaita in kuma kai kuɗin alkaki. Yanzu kuma kun tuna mini, in Alhamis ce a gidana za ta yi ƙailula, randarmu ko rabi babu.

Ɗan Kara-Kara:
Akwai mai kura a Zongo da ke kawo na rijiyar burtsatse, amma sai kin yi masa magana tun dare. Ƴan Sabon Gari, ku naku ya zo yau?